Gurbin Kawu da Baitin Ƙarshe

Ni mutum ne mai saurin murna da saurin fushi, kuma su biyun nan sun sha jawo mini abin da ban shirya masa ba. Malamin firamare ne ni a wani ƙauye arewa da Kano, ba nisa da Ɗanbatta, inda gona take manne da gona har iyakar ganinka. A wajenmu in ka yi atishawa a gonarka, maƙwabcinka ne zai yi maka addu'a daga tasa. Ɓoye abu a irin wannan wuri ba ƙaramin aiki ba ne. Amma kawuna, yayan mahaifiyata, ya ɓoye gurbin ruwa guda da kifin da ke cikinsa tun kafin a haife ni, kuma babu wanda ya sani.

Mahaifinsu Kawu daga gabas ya zo, can bakin tafkin Chadi. Ya zauna a nan ya koma noman gyaɗa da gero kamar kowa, amma son ruwa bai sake shi ba, kuma cikin 'ya'yansa Kawu ne ya gaji abin. Duk farkon damina sai ka ga Kawu bayan la'asar ya saɓa fartanya ya hau tsohon kekensa kamar mai zuwa duba shuka, ya dawo dab da magariba da buhun ganyen da ya yanko wa tumaki. A ƙarƙashin ganyen akwai kifi huɗu ko biyar. Mu 'yan gida mun ɗauka a bakin dam yake sayowa, shi kuwa bai taɓa cewa a'a ba. Haka na girma ina tsotsar ƙaya ina santi ban san komai ba.

Sai da na haura arba'in, na ajiye 'ya'ya, sannan ya ga na isa a nuna mini. Ranar an yi ruwan farko mai ƙarfi tun hantsi, ya ɗauke bayan azahar, gari yana ta wannan ƙamshin da ke sa mutum ya ji kamar ya ɗebi ƙasa ya ci. Ina zaune a ƙofar gida ina duba littattafan aji sai ga shi ya tsaya da keke.

Ya ce, "Malamin boko, bakinka yana da marfi?"

Na ce, "Haba Kawu, wace irin tambaya ce wannan?"

Ya ce, "Irin wadda ake yi wa mai surutu. Ɗauko fartanya ka biyo ni."

Ba zan faɗi ta inda muka bi ba. Mun dai jingine kekuna a wata gona, muka taka, muka gangara wani kwazazzabo, muka kutsa cikin gumbi, wannan ƙayar bakin ruwa mai yaga riga ta yaga fata. Ina ta mita ina cire ƙaya daga hannu, sai na ɗaga kai na ga ruwa. Kai! Gurbi ne mai zurfi, a kwance luf, bishiyoyi sun rufe shi ta sama. Shekara nawa ina wucewa ta saman wurin nan ina ɗauka laka ce kawai da sauro.

Kawu ya zaro wata doguwar gora siririya daga cikin ganye inda yake ɓoye ta. Ya zauna ya fito da ƙaramar ƙugiya daga aljihu, da gashin zabuwa, da zaren ɗinkin hula. Na ce ina tanar da za a maƙala? Ya ce tana ta masu koyo ce. Ya tsaga gashin gida biyu da farce, ya ɗora a bayan ƙugiyar, ya naɗe da zare, ya ciza ya tsinke. Kafin in ce me, abin da ke tafin hannunsa ya zama shinge sak, wannan ƙwaron mai fuka-fuki da ke fitowa daga ƙasa bayan ruwan farko. A daidai lokacin kuma shingen gaske ya fara tashi daga wani shuri a bakin gaɓa, yana ta faɗawa kan ruwa.

Nan da nan gurbin da yake shiru ya ɗauki tsulum, tsulum, ta ko'ina. Kawu ya miƙe, ya kaɗa gorar baya, ya kaɗa ta gaba, zaren ya miƙe a iska, gashin ya sauka kan ruwa a hankali ko motsi ruwan bai yi ba. Na ja numfashi ɗaya, na ja na biyu. Sai wata kawara, kifin nan fari sol, ta taso daga ƙasa, ta kai kamu guda, ta cafke. Gora ta lanƙwasa. Wallahi ban san lokacin da na ƙwala kabbara ba, na daka tsalle, ƙafata ta zame na zauna daɓas a laka.

Kawu ko waiwayowa bai yi ba. Ya ce, "Na ga marfin."

Huɗu ya kama ya naɗe zarensa, alhali kifi yana ta tasowa kamar a kwasa da hannu. Na ce, "Kawu, yanzu fa aka fara!" Sai ya zaunar da ni ya lissafo mini gurabun da ya sani a rafin da ke bin kwazazzabon nan yana yaro, da yadda kowanne ya mutu. Wannan an kafa masa injin ban ruwa an zuƙe shi tas, an tace har 'ya'yan kifi da gidan sauro. Wancan an zuba masa maganin feshi, kifi ya taso ciki sama aka kwashe a buhu. Ya ce, "Wannan kaɗai ya rage, don kowa ya ɗauka ba komai a cikinsa. Ranar da aka san abin da ke nan, kwana biyu ya yi masa yawa." Ya ce shi duk shekararsa 'yan kwanakin nan ne na tashin shinge, sauran watannin zaman jira ne. Na rantse masa ba mai ji daga bakina.

To ga inda gizo ke saƙar. Ni marubucin waƙa ne, ko da yake a lokacin in ban da matata babu wanda ya sani, ita ma don ba ta da hanyar gudu ne. Tun ina kwalejin horon malamai nake cika littattafai da baitoci ina turawa ƙarƙashin katifa. Abin da na gani a gurbin nan kuwa ya hana ni sakat. Ina gaban allo ina koyar da lissafi, amma gashin zabuwa nake gani yana sauka kan ruwa.

Ana haka, ranar kasuwar Ɗanbatta na tsaya wurin mai littattafai, wani dattijo da ke shimfiɗa su a kan buhu kusa da tasha. Cikin littattafan addini da na makaranta na hango wata 'yar mujalla siririya, takardarta ba fara sosai ba, babu hoton ɗan siyasa a bangonta, sai zanen rijiya da guga. Na buɗe a tsaye. Waƙoƙi ne da gajerun rubuce-rubuce da Hausa. Wani ya rubuta kan kiwon tattabaru, wata kan yadda kakarta take yin daddawa, wani kan haƙar rijiya. Mutane irina, suna rubuta abin da ke gabansu, kuma ga shi an buga a takarda! Na yi ta karatu har mai littattafan ya ce, "Malam, ko in ɗauko maka kujera ne?" A bangon baya an rubuta cewa duk mai rubutu ya aiko, ga lambar waya. Na dawo gida da mujalla a hannu, manjan da matata ta ce in sayo kuwa ko tunawa da shi ban yi ba.

Ban yi gaban kaina ba, wannan kam a shaide ni. Na sami Kawu a zaurensa na ce ina so in yi waƙa a kan fatsarsa, a buga ta a Kano. Ya ce, "Ka rubuta kifin, ka rubuta gashin, don kada abin ya bi ni kabari. Amma kada wani ya karanta ya san inda zai nufa."

Na ce, "Kawu, ni ne fa. Ko aljani ya karanta sai ya ɓata."

Duk daminar nan a kan waƙar na ƙare ta. Ina noma ina rera baiti, in ya zauna in ajiye fartanya in rubuta a bayan kwalin ashana ko a tafin hannu. Na zaɓi amsa-amo guda na riƙe shi daga farko har ƙarshe. Ga kaɗan daga ciki:

Ruwa ya ɗauke, shinge ya yi sama,
Tsoho ya ɗaura gashin zabuwa.

Ya jefa sannu, ba ƙara ba motsi,
Kawara ta ɗago tana dubawa.

Ba ya ɗiban abin da ya fi tukunya,
Saura ya bar su, gobe ma da zuwa.

Wajen ɓoye hanya kuwa na nuna gwaninta, har ina yaba wa kaina. Duk inda gaskiya ta ce dama, na rubuta hagu. Na dasa giginya uku a inda babu ko ɗaya, na kafa wani dutse mai kama da raƙumi wanda Allah bai halitta ba, na ce sai an yi tafiyar rabin yini gabas. Ina rubutawa ina dariya ni kaɗai, ina hango mutane suna bulayi cikin gonakin mutane suna neman raƙumin dutse. Matata ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya kuwa? Ko in kira maka mai ruƙiyya?"

Saura baitin rufewa. Mu yadda aka koya mana waƙa, ana buɗe ta da sunan Allah da salati, a rufe ta da mai waƙa ya faɗi ko shi wane ne, ɗan wane, na wane gari, ya roƙi addu'ar masu ji. Ban taɓa yin waƙa ba tare da wannan baitin ba, ko waɗanda ke ƙarƙashin katifa duk suna da shi. Na rubuta sunana da na mahaifina da na garinmu. Sannan na ga ai rashin kunya ne in ci kifin mutum in ci basirarsa in ƙi ambatonsa, sai na ƙara da cewa ni ɗan ƙanwar wane ne, mai fatsar da na ba da labari. Na sa sunan Kawu cikakke, har da laƙabin da ake kiransa da shi a gari. Amsa-amon ya zauna daram, na ji daɗi har cikin raina.

Na kira lambar nan, wata mata ta ɗauka, ta ce in turo ta waya. Na tura. Sai bayan an gama girbi ta kira ni. Ina tsakar aji na ga lambar, na fita da gudu har ina tuntuɓe da benci. Ta ce, "Malam, waƙarka ta shiga. Mun karanta ta mu uku, ɗayanmu har ya ce zai bar aiki ya koma kamun kifi. Ka zo ka ga shafin gwaji kafin a buga." Na ce mata na gode ya fi sau goma. Ranar 'yan ajina sun sha mamaki, don ko wanda bai yi aikin gida ba sai da na sa masa albarka.

Asabar da sassafe na sa babbar rigata ta Juma'a na shiga motar Kano. Muka wuce Dawanau, manyan motoci sun yi layi ana ta lodin buhuna, ni kuwa gani nake duk cikinsu ba mai ɗauke da kaya irin nawa. Na sauka na hau adaidaita zuwa Ungogo, can inda gidaje suke cinye gonaki, ka ga kara a tsaye tsakanin bulo da bulo. Shagon ɗan ƙarami ne, injin buga takarda ya cinye rabinsa, yana ta ƙugi yana tofo shafuka. Warin tawada ya buge ni tun daga ƙofa, na tsaya na shaƙa sosai kamar turare.

Matar da muka yi waya da ita ce edita, kowa a wurin Malama yake ce mata. Ta manyanta, ga tabarau a karan hanci, ga tawada a gefen mayafi. A makarantar sakandare take koyarwa, ita da abokan aikinta biyu suke fitar da mujallar in hali ya yi, don kawai suna ganin bai kamata rubutun mutane ya ƙare a waya ba. Ta miƙo mini takarda. Ga waƙata, da baƙaƙen inji, layi-layi, ga sunana a sama, ga ɗan zanen kifi da wani ya yi a kan taken. Na karanta sunana sau uku don in tabbata ni ne.

Sai Malama ta ce, "Matsala ɗaya ce. Waƙar ta cika shafi biyu cif, baitin ƙarshe ya rasa wurin zama. Da za ka ji tawa, da mun cire shi, tunda sunanka yana sama. Kuma na ga ka sa sunan dattijon nan da garinku. Ya san ka sa?"

Nan take raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Malama! A yanke wa mutum ƙafa don ya shiga gado? Waƙar da ba ta da baitin rufewa ai tunkiya ce ba shaida, duk wanda ya tsinta tasa ce. Tun kaka da kakanni haka ake yi, sai a kaina za a canza? In ba wuri, a ba ni abata in koma da ita!" Har na miƙe ina naɗe hannun riga, mai injin ya kashe injinsa yana kallonmu.

Malama ta yi dariya ta ce, "Zauna, Malam, ba faɗa ba ne. Mu cire zanen kifin, sai baitinka ya samu wuri." Aka cire kifin. Na koma gida ina jin na yi nasara, ina ba direba labarin yadda na tsaya wa al'ada. Tambayarta ta biyu kuwa, ko Kawu ya sani, tsallake ta na yi ban amsa ba, ban ma ji ta da kyau ba don fushi.

Mujallar ta fito cikin bazara, ana zafin nan mai narka kwalta. Direban garinmu ya kawo mini ɗauri guda an ɗaure da igiya. A bakin tasha na kwance, na buɗe, na ga abata. Wayyo daɗi! Na rungume ɗaurin na nufi gida ina sauri ina gaishe da mutanen da ban ma sani ba. Matata ta goge hannu a zani ta karɓa da hannu biyu, ta ce, "Ashe dai haukan nan yana da rana." Daga nan na zarce gidan Kawu don shi ya kamata ya fara ji, sai aka ce ya tafi ta'aziyya wani gari, sai bayan kwana huɗu.

Kwana huɗu! Ni da ko awa huɗu ba zan iya ba. Bayan la'asar na nufi majalisa, gindin darbejiyar da ke gefen masallaci, na tsaya a tsakiya na ce jama'a a ba ni kunne. Na rera ta da murya tun daga bisimilla. Wurin ya yi tsit. Mai shayi ya bar butarsa tana tafasa ya matso. Da na zo inda kawara ta cafke gashi, wani tsoho ya ce, "Allahu akbar!" Da na zo kan dutse mai kama da raƙumi, suka kalli juna, ni kuwa ina dariya a ciki. Da na sauke baitin ƙarshe, wurin ya kaure. Ana ta kiran sunan Kawu, ana cewa ashe dattijon nan haka yake, ashe ba saye yake ba. Aka ce a maimaita. Na maimaita sau biyu, wayoyi a sama ana ɗauka, ni kuwa har gyara tsayuwa nake don a ɗauke ni da kyau.

Kwanakin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Hedimasta ya sa aka karanta waƙar a taron safe. In na wuce ta bakin tasha sai in ji muryata tana fitowa daga wayar wani. Malama ta kira ta ce masu karatu suna tambayar wane ne wannan mai waƙar kifi, tana so in aiko da wata. Na ce mata goma ma in tana so.

Rana ta uku ina dawowa daga makaranta na haɗu da wani mai noman rani a garinmu, mutum mai injin ban ruwa biyu da baki kamar reza. Ya tsayar da babur ya ce, "Malam mai waƙa! Gabas ka ce, ko? Wajen giginya uku?"

Na danne dariya na ce, "Ƙwarai, in ka ga raƙumin dutse ka iso."

Ya tuntsire da dariya har yana dukan tankin babur. Ya ce, "Malam, kai dai boko ya yi maka yawa. Ina ruwanmu da gabas ko yamma? Ka faɗa mana mutumin, ka faɗa mana ranar. Ruwan farko ya sauka, shinge ya tashi, dattijo ya hau keke. To mu makafi ne?" Ya ba babur wuta ya bar ni a tsaye.

Ana zaton wuta a maƙera sai ga ta a masaƙa. Na nemi gindin bishiya na zauna. Wata uku ina toshe kowace kafa a cikin waƙar nan, sannan na ɗauki hannun Kawu na ɗaga wa duniya a baiti guda, baitin da har faɗa na yi don kada a cire shi. Ga mujalla ta riga ta watsu, ga muryata a kowace waya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji tsoro kuma.

Kawu ya dawo washegari. Tun daga tasha ake ce masa sarkin fatsa, ana kunna masa waƙar. Na same shi a zaure na durƙusa, na fara bayani ina kame-kame, na ce al'ada ce, na ce girmamawa ce, na ce ban yi tunani ba. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Rashin tunanin nan shi ne gaskiya. Tashi ka zauna, Allah ya kai mu ruwa." Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Sati uku bayan nan hadari ya haɗo daga gabas, aka kwarara ruwa tun safe har bayan azahar. Kowa yana murna, manoma suna fito da iri, ni kuwa hankalina yana kan Kawu. Ana idar da la'asar na ruga gidan Kawu. Tun daga kwanar layinsu na gan su. Babura biyar ko shida a gindin wani mangwaro, mutane a zaune a kai kamar masu hira, ga buhuna a ɗaure a baya, ga komar kamun kifi a naɗe, ga mai injin nan da injinsa a kan amalanke. Duk idanunsu a kan ƙofar Kawu.

Kawu yana zaune a bakin zaure a kan tabarma, da ƙwarya a gabansa, yana ɓarar gyaɗar iri. Kekensa yana jingine a ciki. Shinge ya riga ya fara tashi daga gindin katanga, yana yawo a gabanmu, kaji suna ta tsalle suna cafka.

Na ce, "Kawu, bari in je in ci mutuncinsu. Wallahi yau sai sun san ni!"

Ya ce, "Su me suka yi? An yi shela sun amsa."

Na ce, "To ba ni rigarka da hularka in hau kekenka in yi gabas da su, kai kuma ka zagaya ta baya da ƙafa."

Ya girgiza kai. "Yau ka yaudare su, gobe fa? Jibi fa? Sawu a jiƙaƙƙiyar ƙasa ko makaho ya shafa zai bi. Ni ne hanyar yanzu, ɗan nan. In na zauna, hanya ta zauna."

Na ce, "Har yaushe?"

Ya ci gaba da ɓara. Na ga yadda idonsa yake bin shingen nan sama, ya dawo kan ƙwarya, ya sake bin wani. Shekara guda cur mutumin nan yana jiran wannan yammacin. Na sunkuyar da kai, hawaye suna zuba a kan rigata, ban ko ɓoye ba.

Can ya ce, "Takardar taka tana kusa?"

Tana aljihuna, don tun da ta fito ban rabu da ita ba. Ya ce, "Karanta mini. Kowa ya ji daga bakinka ban da ni."

Na buɗe na fara. Rerawa ta gagara, sai karantawa kawai na yi. Da na zo inda tsoho yake ɗaura gashi, ya daina ɓara. Da na zo inda yake jefawa, na ga ya lumshe ido, hannunsa na dama ya ɗan yi baya ya ɗan yi gaba a kan gwiwarsa. Da kawara ta taso ya ce, "Yauwa," a hankali. Wajen giginya uku da raƙumin dutse har ya yi 'yar dariya ya ce na iya ƙarya. Ina gab da baitin ƙarshe ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsaya nan. Wannan na ji shi a tasha."

Na rufe mujallar na jawo ƙwaryar, muka ci gaba da ɓarar gyaɗa tare har aka kira magariba. Masu babura suka gaji suka watse. Washegari suka dawo, da jibi, har shinge ya ƙare. Da damina ta zagayo wasu suka sake zuwa gindin mangwaron nan, Kawu ya sake shimfiɗa tabarmarsa a bakin zaure.

Iyakar sanina gurbin yana nan da ransa, da kifinsa. Kawu bai ƙara ganinsa ba.